Keji, Bindiga da Daji: Tarihin Damisar Indiya

Ɗaliban aji goma da yawa a Indiya suna karanta waƙar Leslie Norris, marubucin Wales da aka haifa a 1921, mai suna "A Tiger in the Zoo". Kan damisa mai zane a jiki aka yi ta, wadda ke kai da komo cikin keji, 'yan kallo ba sa gabanta, alhali wurinta na can cikin daji. Duk wanda ya karanta sai tausayi ya kama shi.

Amma idan muka waiwayi tarihi, bindiga da gatari sun fi keji yi wa damisa ɓarna. A 1911, Sarkin Ingila George na Biyar da tawagarsa sun harbe damisa 39 a Nepal cikin kwana goma. Haka aka yi ta farauta, ana sare daji, har ƙidayar 1972 ta nuna saura 1,827 a duk Indiya. A shekarar aka kafa dokar kare namun daji, a 1973 kuma gwamnatin Indira Gandhi ta keɓe dazuzzuka tara domin damisa. Ƙidayar 2022 ta kai 3,682.

Nasarar ba a banza ta samu ba. An tashi ƙauyuka da dama, har da na ƙabilar Baiga a dajin Kanha. Shi ya sa muke ganin 'yancin da waƙar ke nema magana ce ta ƙasa: damisar da aka buɗe wa keji tana bukatar dajin komawa, dajin kuwa akwai mutanen da kakanninsu ke kwance a cikinsa.