Shirin Shekara Biyu: Nazari Kan Jarrabawar Shiga Cibiyoyin IIT na Indiya

A Indiya, duk ɗalibin da ke son shiga ɗaya daga cibiyoyin fasaha 23 da ake kira IIT sai ya tsallake jarrabawa biyu. Ta farko, JEE Main, hukumar jarrabawa ta ƙasar, NTA, ce ke shirya ta a Janairu da Afrilu, kuma masu rubuta ta sun haura miliyan guda. Daga cikinsu ake tace kimanin 250,000 su zauna JEE Advanced, su yi takara kan guraben da ba su kai 20,000 ba. Darussan uku ne, lissafi da fiziks da kemistri, duk daga manhajar aji 11 da 12, kwatankwacin SS2 da SS3 a Najeriya.

Wannan ne ya sa shirin shekara biyu ya zama al'ada. Amma idan aka duba da kyau, abin da ke kayar da ɗalibi galibi mantuwa ce. Abin da ya koya a farkon aji 11, kamar dokokin motsi na Newton, za a tambaye shi kusan shekara biyu bayan haka, kuma a cakuɗe da wani babi dabam, domin JEE Advanced ta shahara da haɗa babi biyu ko uku cikin tambaya guda. Tun 1885 wani masani mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, amma maimaici bayan tazara yana rage zubewar. Don haka jadawalin da ke lissafa awa nawa aka zauna kan littafi, ba tare da ware ranakun bita ba, tamkar ɗiban ruwa ne da kwando. A ganina, ranar da za a koma wa tsohon babi ta fi cancantar a fara rubuta ta a jadawali kafin ranar buɗe sabo.

Akwai kuma batun rage maki. A JEE Main amsa daidai tana kawo maki 4, kuskure kuma a zaftare 1. Ke nan sanin tambayar da ya kamata a bari wani ilimi ne mai zaman kansa, wanda ba ya samuwa sai da gwajin jarrabawa na awa uku cur, sannan a zauna a bi kowane kuskure a gano tushensa.

Inda tsarin ya karkace shi ne tunanin cewa tsawaita shiri kullum riba ce. Garin Kota a jihar Rajasthan ya zama cibiyar makarantun horo, inda yara ke barin iyayensu su tare a ɗakunan haya, wasu ma sunansu kawai ke cikin rajistar sakandare, ba sa halarta. A 2023 ɗalibai fiye da 20 ne suka kashe kansu a garin, abin da ya tayar da hankalin ƙasar. A Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idoji da suka hana cibiyoyin horo ɗaukar yaron da bai kai shekara 16 ba. Matakin ya dace, domin yaron da aka ɗora wa dabarun jarrabawa tun bai fahimci aljabara ba, zai shiga aji 11 a gajiye, a daidai lokacin da karatun gaske ke farawa.