Yariman da ya fassara littattafan sanin kai

A shekarar 1657, a birnin Delhi, yarima Dara Shiko, babban ɗan sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ya tara malaman Hindu daga Banaras, suka yi wata shida a kan aiki guda. Sun juyar da littattafai kimanin hamsin da ake kira Upanishad daga harshen Sanskirit zuwa Farisanci, harshen fadar sarakunan Mugal. Aka raɗa wa aikin suna Sirri Akbar, wato babban asiri.

Dara musulmi ne, mabiyin ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ya karɓa daga hannun Mulla Shah, almajirin Miyan Mir na Lahor. Tun yana saurayi ya rubuta tarihin waliyyai. Abin tambaya shi ne, me mai jiran gadon sarauta, wanda bai rasa zinariya ba balle dawaki, yake nema cikin littattafan wani addini?

Mafi tsufa cikin waɗannan littattafai sun girmi zamanin Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, kuma baki da baki aka riƙa gadonsu daga malami zuwa almajiri kafin a rubuta su. Tambayar da suke ta komawa a kai ita ce: ina farin cikin da ba ya ƙarewa? Ɗaya daga cikinsu, mai suna Chandogya, ya kawo labarin Narada, wani masani da ya je gaban malami Sanatkumara neman ƙarin karatu. Malamin ya ce ya fara lissafa abin da ya sani. Narada ya jero littattafan Weda, da nahawu, da lissafi, da ilimin taurari, da dabarun yaƙi, har ya kusa ƙure fannonin zamaninsa. Daga nan ya amsa da bakinsa cewa kalmomi kawai ya haddace, kansa bai sani ba, kuma baƙin ciki bai rabu da shi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban ɗalibai zai gane nauyin wannan iƙirari, domin takardar shaida ba ta taɓa hana mai ita kwana da damuwa ba.

Amsar da littattafan suka bayar ita ce, duk daɗin da ya rataya ga wani abu na waje, dukiya ko mulki ko lafiyar jiki, zai tafi ranar da abin ya tafi. Mutum yana wahala ne don ya ɗauki jikinsa da sunansa da tunaninsa a matsayin shi kansa, alhali akwai wani mai kallo a cikinsa wanda ba ya tsufa, ba ya canzawa. Shi suke kira atman, kuma sun ce natsuwa ɗabi'arsa ce, ba kayan da ake shigo masa da shi ba. Malaman Wedanta na baya, bisa sawun Shankara, sun tsara hanyar mataki uku: sauraren koyarwa daga malami, auna ta da hankali har shakka ta kau, sannan zurfafa tunani a kanta har ta zama hali. Ke nan karatu ne ƙofar, amma karatun da ya tsaya a harshe shi ne ciwon Narada.

Dara ya karanta wannan da idon sufi. Ya sa kalmomin tasawwufi a gurbin na Sanskirit, ya ga tauhidi a inda malaman Banaras suke ganin nasu abu. A nan ya wuce gona da iri, domin a gabatarwar aikin ya yi da'awar cewa Upanishad su ne ɓoyayyen littafin da aka ambata a Suratul Waƙi'a, wanda galibin masu tafsiri suka ce Lauhul Mahfuzu ne. Wannan magana ta zame wa maƙiyansa makami.

A cikin wannan shekara Shah Jahan ya kwanta ciwo, ƴaƴansa huɗu suka zare takubba. Dara ya fi gwaninta wajen muhawara da malamai bisa jan runduna. Ƙanensa Aurangzeb ya karya shi a Samugar a 1658. Ya yi ta gudu har yammacin daular, inda wani basarake, Malik Jiwan, wanda Dara ya taɓa ceto daga kisa, ya kama shi ya miƙa. A 1659 aka zagaya da shi titunan Delhi bisa wata ƙazamar giwa, yana sanye da tsummoki. Likitan nan Bafaranshe, François Bernier, yana cikin taron, ya kuma ba da labarin yadda talakawa suka yi ta kuka. Aka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi yana da shekara 44. Shekara biyu kacal ke tsakanin fassarar da ta ce mulki ba abin dogaro ba ne da ranar da aka jarraba mai ita a kan haka.

Littafin kuwa ya ci gaba da tafiya. A 1775 wani kwafinsa ya isa hannun Anquetil-Duperron, Bafaranshen da ya yi shekaru a Indiya yana neman tsofaffin rubuce-rubuce. Ya fara juyar da shi zuwa Faransanci, daga baya ya koma ga Latin, aka buga shi juzu'i biyu a Strasbourg a 1801 da 1802 da sunan Oupnek'hat, wanda shi ne lafazin Farisanci na kalmar Upanishad. Fassarar fassara ce, mai wuyar karatu, kalmomin Latin jere bisa tsarin Farisanci. Mai yin ta ya ƙare rayuwarsa a Paris cikin talauci, ya rasu a 1805.

A 1814 juzu'an nan biyu suka faɗa hannun wani matashi Bajamushe, Arthur Schopenhauer, masanin falsafar da daga baya ya shahara da ganin duniya gidan wahala. Ya riƙe su har mutuwarsa a 1860, yana ɗaukar su abin da ya fi sanyaya masa rai cikin duk abin da ya karanta, ko da an fito da fassarorin da aka yi kai tsaye daga Sanskirit. Karnukan da ya yi ta kiwo ɗaya bayan ɗaya, Atma yake kiran su.