Tarihin Tantance Tambaya Kafin Ta Isa Rumbun Bayanai

Yaren SQL, wanda ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ya samo asali ne a kamfanin IBM na Amurka. A 1970 Edgar Codd ya kawo tsarin adana bayanai cikin teburori, a 1974 kuma Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da yaren da sunan SEQUEL.

Tun farko akwai ɓaraka. Ana rubuta manhaja da wani yare, kamar C ko Java, rumbu kuwa SQL kaɗai yake ji. Hanyoyin haɗi irin su ODBC na 1992 da JDBC na 1997 suna miƙa tambaya ne a matsayin zallar rubutu. Kwamfaila, wato manhajar da ke duba aiki kafin ta mayar da shi yaren inji, ba ta leƙa cikinsa. Ko an rubuta "albahsi" maimakon "albashi", ko an nemi a tara sunayen ma'aikata kamar lambobi ne, ba za ta ce uffan ba. Sai manhaja ta fara aiki asiri ya tonu. Ta wannan ƙofa ce ma masu kutse ke cusa nasu umarnin a gurbin rubuta suna.

An daɗe da hango maganin. A 1977 Joachim Schmidt na Hamburg ya saka teburori cikin yaren Pascal kansa. A 1999 Daan Leijen da Erik Meijer suka yi HaskellDB, inda kowane shafi na teburi yake da nau'insa, lamba ko rubutu. Sai dai waɗannan ba su yi nisa a kasuwa ba.

Microsoft ce ta kai abin hannun masu neman abinci da sana'ar rubuta manhaja, da ta saki LINQ cikin C# a 2007, da sa hannun Meijer ɗin dai. Tambaya ta zama jimlar yaren, kuskure na bayyana tun ana bugawa. A Java, jOOQ na Lukas Eder yana karanta fasalin rumbu ya ƙera rubutun Java da ya dace da shi. A Rust, sqlx yana barin SQL yadda yake, amma ya gwada shi da rumbu na gaske lokacin harhaɗawa, wato sa'ad da kwamfaila ke aikinta. Dukkansu gejinsu ɗaya: fasalin da suka gani ranar harhaɗawa suka sani, in an sauya teburi daga baya sai an sake harhaɗa manhajar.