Tarihin Idon Sawu a Ƙafar Roba: Daga Katako Zuwa Inji

Mutumin da aka yanke wa ƙafa daga ƙasan gwiwa ba tafin ƙafa kaɗai ya rasa ba. Ya rasa naman sha-raɓa, watau wanda ke ɗaga diddige ya tunkuɗa jiki gaba a kowane taku. Shi ya sa yakan gaji da wuri, ya kuma riƙa jibga nauyinsa bisa ƙafar da ta rage. Galibin tarihin ƙafar roba, tarihi ne na neman mayar masa da wannan tunkuɗa.

Cikin 1800 James Potts na birnin Landan ya ƙera ƙafar katako mai tsirkiya daga gwiwa zuwa idon sawu, wadda ke ɗaga yatsu idan gwiwa ta lanƙwashe. Amma gaɓoɓi masu motsi suna saurin lalacewa. Saboda haka cikin shekarun 1950 masana a Jami'ar Kalifoniya suka fito da ƙafar da ake kira SACH, wadda idon sawunta ba ya motsi ko kaɗan, sai dai diddigenta na roba ne mai taushi. Tana da araha da ƙarko, amma ba ta tura mai ita gaba.

Ƙasar Indiya ta ɗauki wata hanya dabam. Cikin 1968 Likita P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka ƙera ƙafar Jaipur domin mutanen da ke tafiya ba takalmi, suna tsugunawa, suna shiga gona mai laka.

Sa'an nan Van Phillips na Amurka, wanda ya rasa ƙafa cikin 1976, ya yi Flex-Foot da zaren kabon. Ita tana lanƙwasa kamar baka idan an taka, kana ta miƙe ta mayar da ƙarfin. Sai dai baka ba ya ba da abin da ya fi wanda aka ɗana masa, alhali kuwa naman jiki ƙara ƙarfi yake yi.

Wannan giɓi ne Hugh Herr ya nemi cikewa. Sanyin ƙanƙara ya ci ƙafafunsa biyu a Dutsen Washington cikin 1982, daga baya ya zama malami a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, inda ya ƙera idon sawu mai inji da batir, wanda aka sayar da sunan BiOM. Binciken da ya buga tare da Alena Grabowski cikin 2012, a kan mutum 7, ya nuna ƙarfin da jiki ke kashewa ya ragu da kashi 8 cikin ɗari, saurin tafiya kuma ya ƙaru da kashi 23.

Amma fa binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowa ke samun wannan amfani ba. Ga nauyi wajen kilo 2, ga cajin batir kullum, ga tsada, ga bukatar ƙwararren da zai saita ta.

Darasin da tarihin nan ya bari ga ɗalibi da ma'aikacin da zai tsara sayen kayan asibiti shi ne, kafin a tambayi wace ƙafa ce ta fi sabunta, a fara tambaya: wa zai taka ta, a wace irin ƙasa, kuma wa zai gyara ta ranar da ta lalace?