Matan Afirka a Filin Tsere

Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a birnin Atina na ƙasar Girka a shekara ta 1896, babu mace ko ɗaya a cikin 'yan wasa. A 1928 ne aka yarda mata su shiga tseren ƙafa, a Amsterdam. Amma bayan tseren mita 800 sai jaridu suka yi ta kururuwa, wai mata sun zube don gajiya. Saboda haka aka soke musu wannan tsere har 1960. Shekara 32 ke nan ana cewa jikin mace ba ya iya dogon gudu.

Matan Afirka na cikin waɗanda suka ƙaryata wannan zance. A 1984, a Los Angeles ta Amurka, Nawal El Moutawakel 'yar Maroko ta ci lambar zinariya a tseren mita 400 na tsallake shinge. Ita ce ta buɗe ƙofa.

Wadda ya kamata mu tsaya a kanta kuwa ita ce Derartu Tulu. An haife ta a 1972 a yankin Bekoji, can kan duwatsun Habasha, inda ta tashi tana kiwon shanun iyayenta. Tana da shekara 20 ta je Barcelona ta ƙasar Sifen a 1992, ta shiga tseren mita 10,000, wato zagaya fili sau 25. Babbar abokiyar karawarta ita ce Elana Meyer, farar fata daga Afirka ta Kudu. Rabon ƙasar nan da Olamfik tun 1960, gama duniya ta juya mata baya saboda mulkin wariyar launin fata.

Da tsere ya yi nisa sai Meyer ta ƙara wuta, ta bar sauran a baya, ban da Derartu wadda ta manne mata kamar inuwa. Haka suka yi ta zagayawa su biyu. A zagaye na ƙarshe Derartu ta wuce ta, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinariya a Olamfik. Sa'an nan ta tsaya a bakin layi ta jira Meyer. Suka kama hannun juna, suka zagaya filin tare. A lokacin nan ba a ma yi zaɓen da ya kawo Mandela kan mulki ba, sai a 1994. Derartu ta sāke cin wannan tsere a Sydney a 2000, ta kuma ci dogon tseren birnin New York a 2009 tana da shekara 37.

Mu ma nan kusa da gida ba a bar mu a baya ba. Chioma Ajunwa, 'yar sanda daga Nijeriya, an dakatar da ita shekara huɗu tun daga 1992 bisa sakamakon gwajin ƙwayoyi. Ta dawo a 1996, ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta, ta ɗauki zinariya. Françoise Mbango ta Kamaru kuma ta ci gasar tsalle mai taku uku a Atina a 2004. Ta haihu a 2006, aka zaci ta gama, sai ga ta a Beijing a 2008 da mita 15.39 da zinariya ta biyu.

Ya mai karatu, Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗannan mata ba su sami ƙarfi a ranar gasa ba, suna da shi tun da fari, fili ne kawai aka hana su. Yarinyar da ke bin garke a ƙauyenmu, ko take sassarfa zuwa rijiya da tulu, wa ya taɓa auna gudunta? Tambayar nan ta iyaye ce da malaman makaranta.