Doguwar Hanyar Digirin Digirgir a Fannin Ilimi

A 1893 ne Kwalejin Horar da Malamai ta Kolambiya da ke birnin New York ta ba da digirin digirgir na farko a fannin ilimi a Amurka. Jami'ar Harvard kuma ta ɓullo da nata a 1920, mai suna Ed.D., domin shugabannin makarantu da jami'an ilimi.

Digirin digirgir a fannin ilimi ya yi ƙaurin suna wajen cin lokaci. Masu nemansa galibi malamai ne da ke koyarwa da rana, su shiga aji da yamma, su jira dogon hutu kafin su taɓa bincike. Darussa kan ƙare cikin shekara biyu zuwa uku, amma kundin bincike, nan gizo ke saƙa. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta sha nuna cewa daga fara karatun gaba da digirin farko zuwa kammalawa, 'yan fannin ilimi kan haura shekara 10, abin da ya zarce na masu kimiyya nesa ba kusa ba.

A 2007 Gidauniyar Carnegie ta tara jami'o'i don yi wa tsarin garambawul. Harvard ma ta buɗe sabon shiri na shekara uku a 2010, inda ɗalibi ke yin shekarar ƙarshe a bakin aiki.