Daga Gadon Ƙasa Zuwa Gadon Ƙarfe

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, makwancin tsoho a da bai wuce tabarma, gadon kara, ko gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa da hunturu ba. Babu mai tsayi a cikinsu. Wanda gigin tsufa ya kama, ko ya mirgino cikin dare, da wuya ya karye.

A zamanin Turawa gadon ƙarfe ya shigo, ya zama adon ɗakin amarya. Bayan kafa kamfanin Vitafoam a 1962, katifar soso ta ƙara masa tudu, siminti kuma ya maye gurbin daɓe. Yau ɗa kan saya wa mahaifiyarsa dogon gado don girmamawa, alhali karayar ƙugu kan kwantar da tsohuwa har ƙarshen rayuwarta.

Asibitocin Turai da Amurka sun daɗe suna kange gefen gado da ƙarafa. A 1995 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa majinyata na maƙalewa a cikinsu har su mutu. Mai gigi kuwa haurawa yake yi, ya faɗo daga inda ya fi tsayi. Shi ya sa likitoci suka koma ga gajeren gado, da shimfiɗa mai taushi a gefensa, da fitila har wayewar gari.

Idan gigi ya kama iyayenku, ku sauke katifar ƙasa.